Kiwon Kaji da Rancen Banki: Rabon Mata da na Maza a Jos

Wannan jawabi ya shafi masu ƙaramin kiwon kaji, maza da mata, da yadda suke samun rance daga bankuna. An ɗauki birnin Jos na Jihar Filato don misali, amma abin da za a faɗa ya shafi mai kiwo ko'ina yake a ƙasar nan. Manufar ita ce a bayyana dalilin da ya sa mace takan daɗe tana kiwo ba ta wuce kaji ɗari ko ɗari biyu ba, alhali namijin da suka fara tare ya kai dubbai, sa'an nan a nuna hanyar gyara.

JOS DA KAJINTA

Allah ya hore wa Jos yanayin da kaza take so. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, saboda haka zafin da yake kashe kaji da bazara a ƙasashen kwari bai cika tsananta a nan ba. Ga kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda take aiki tun 1924, inda ake yin alluran rigakafin cututtukan kaji irin su Niyukasil da Gumboro. A Bukuru akwai masana'antun abincin kaji. Kashin kajin ma ba ya zama banza, domin manoman dankalin turawa da kabeji da karas suna saye su zuba a gonakinsu. Waɗannan abubuwa su suka sa ƙwan Jos ya yi suna, motoci suna ɗiba zuwa Abuja da Bauci da Gombe har Maiduguri.

Wanda ya zaga Bukuru da Zawan da Kuru da Rantya da Rikkos zai ga iri biyu na masu kiwo. Akwai manyan gidajen gona masu dogayen rumfuna da ma'aikata, waɗanda galibinsu na maza ne. Akwai kuma ƙananan akurkai a bayan gida, ko ɗaki guda da aka ware a tsakar gida, kuma yawancin masu kula da waɗannan mata ne. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun zamanin kakanni kaza dukiyar mace ce a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Nijeriya. Da ita take yi wa baƙo kara, da ita take sayen sabulu da littafin yaro. Mace ba ta rasa gwaninta a wannan sana'a ba. Abin da ta rasa shi ne jari mai kauri a lokacin da ake bukatarsa.

WATANNI BIYAR NA CIYARWA

Kiwon kajin ƙwai yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowa ya fahimta. Daga ranar da aka kawo 'yan tsaki zuwa ranar da za su fara saka ƙwai ana yin mako 18 zuwa 20, watau kusan wata biyar. A duk tsawon wannan lokaci kuɗi fita suke yi, ba sa shigowa. Kowace kaza tana cin abinci wajen kilo 7 zuwa 8 kafin ta saka ƙwanta na fari. Idan kaji 500 ne, abincin ya kama kilo 3,500 zuwa 4,000, watau buhu 140 zuwa 160 na kilo 25. Ba a sa kuɗin 'yan tsakin ba, balle na rigakafi da gawayin ɗumama su da garin katakon shimfiɗa.

Da sun fara saka ƙwai sai lissafi ya juya. Kaji 500 masu lafiya suna cin abinci fiye da buhu biyu a yini, amma suna iya ba da ƙwai wajen 400, watau kiret 13 da 'yan kai, kuma su ci gaba da sakawa har shekara guda ko fiye. Wanda ya haye watanni biyar ɗin nan ya sami sana'ar da take kawo kuɗi kullum safiya. Wanda ya kasa, sai ya sayar da kajin da araha tun ba su fara ba, ko ya rage musu abinci su lalace. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yawancin mata da adashi suke fara kiwo, ko da kuɗin da suka sayar da akuya ko kayan ɗaki. Adashi abu ne mai albarka, ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai kwasarsa ba ta da yawa, kuma zubi ba ya jiran kaza ta fara ƙwai. Don haka mata da yawa suke tsayawa a kan kajin nama, waɗanda suke isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, su yi kiwo don Kirsimeti ko Salla, sa'an nan akurki ya zauna wayam har wani bikin. Rancen banki mai wa'adin shekara guda ko fiye shi ne gadar da za ta haye da su zuwa kiwo mai ɗorewa, kuma a bakin wannan gada ne bambancin mace da namiji yake fitowa fili.

MISALIN WA DA ƘANWA

A ɗauki misalin wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, a wata unguwa ta Bukuru. Dukansu a hannun mahaifiyarsu suka koyi kiwo, kowannensu yana da kaji 150, kowannensu yana so ya kai 500. Wan ya gaji gidan mahaifinsu, ya kuma yi masa takardar shaidar mallaka. Ƙanwar tana gidan mijinta, akurkinta yana kan filin dangin miji.

Ran da wan ya je banki, sai aka tambaye shi jingina, ya miƙa takardar gida. Aka tambaye shi asusu, ya nuna wanda dillalan ƙwai suke biyansa ta ciki. Aka nemi masu tsaya masa, ya kawo abokai biyu masu albashi. Ran da ƙanwar ta je, tambayoyin ba su sake ba, amsoshin ne suka sake. Ba ta da takardar fili. Cinikinta duk na hannu da hannu ne, ba a rubuce yake ba. Da ta koma gida ta ce, "Maigida, ko za ka ara mini takardar filin nan?" sai ya amsa cewa filin na gado ne, sai 'yan'uwansa duka sun yarda. Da ta je wurin wanta ta ce, "Yaya, ka tsaya mini," sai ta tarar gidan yana hannun banki, shi ma bashi ne a kansa.

Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce mata ba a ba mata rance. Ta dai fito hannu biyu. Bayan shekara uku, in Allah ya kiyaye annoba, wan yana da kaji dubu, ita kuwa tana nan a kan 150. Mai kallo daga nesa sai ya ce ya fi ta ƙwazo, alhali takarda ce kawai ya fi ta.

INDA BAMBANCIN YA SAMO ASALI

Babban tushen matsalar shi ne fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, kuma takardar shaidar mallaka da yake bayarwa ita ce jinginar da bankuna suka fi amincewa da ita. Dokar ta kuma ce sai da yardar Gwamna za a jinginar da irin wannan fili, abin da yake cin lokaci da kuɗi. Ita dokar ba ta bambanta mace da namiji ba, amma hanyar da fili yake zuwa hannun mutum ta bambanta su. A al'adun yawancin ƙabilun Filato, filin gado ta wajen maza yake bi. A shari'ar Musulunci mace tana da rabonta na gado, kuma dukiyarta tata ce ko tana da aure, amma sau da yawa akan bar gida ko gona ba a raba ba, ko a ba ta kuɗi a madadin rabonta, takarda ta fito da sunan wanta. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin masu shekara 15 zuwa 49, kashi 38 cikin 100 na maza suna da fili, su kaɗai ko da wani, mata kuwa kashi 12 ne kacal.

Na biyu shi ne asusun ajiya. Banki ba ya ba baƙo rance, sai wanda ya ga shigar kuɗinsa da fitarsu. Binciken hukumar EFInA na 2018 ya nuna kashi 40.9 cikin 100 na mata baligai ba sa hulɗa da kowace irin ma'ajiyar kuɗi, maza kuwa kashi 32.5. A binciken 2023 abin ya ragu zuwa kashi 30 na mata da kashi 21 na maza. An ci gaba, amma tazarar tana nan.

Na uku shi ne lissafi. Mace takan sayar da ƙwai da safe, ta sayi cefane da kuɗin da rana, ta biya kuɗin makarantar yaro da ragowar. Kuɗin sana'a da na tukunya sun gauraye, ko ita kanta ba ta iya faɗin ribarta. Na huɗu shi ne lokaci da zirga-zirga. Neman rance yana bukatar zuwa banki sau da dama, mai raino da girki da ba kaji ruwa kuwa fita tana yi mata wuya, balle matar da take cikin kulle. Na biyar shi ne tsoro. Akwai masu tsoron kunyar a zo ƙofar gida neman bashi, akwai kuma masu gudun kuɗin ruwa saboda addini. Tsoron yana da dalili, domin a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuwa ya ɗara haka. Waɗannan dalilai sukan sa mace ta hana kanta tun banki bai hana ta ba.

Idan masifa ta zo, ta fi yi wa maras gata illa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye karo na farko a Nijeriya, a wata gona kusa da Jaji ta Jihar Kaduna, ba da jimawa ba ta iso Filato, ta kuma sake dawowa a 2015. A farkon 2023 kuma, da takardun Naira suka yi ƙaranci saboda canjin kuɗi, ƙwai ya taru a gidajen gona babu mai saye. A irin wannan hali, wanda banki ya san shi yana iya roƙon a ƙara masa wa'adi. Wadda ta sayar da kayan ɗakinta ta zuba a kaji ba ta da wurin kai kuka.

ABIN DA GWAMNATI TA YI

Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana neman maganin wannan al'amari. A 1973 aka buɗe Bankin Noma na Nijeriya a Kaduna. A 1977 aka kafa Asusun Lamunin Rancen Noma bisa Doka ta 20, ya fara aiki a watan Afrilu na 1978 da jarin Naira miliyan 100, kashi 60 daga Gwamnatin Tarayya, kashi 40 daga Babban Banki. Aikin wannan asusu shi ne tsaya wa manomi: idan ya gaza biya, asusun ya biya banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya rage. Kiwon kaji yana cikin sana'o'in da ya ƙunsa. A 1987 aka fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara ƙarƙashin jagorancin Hajiya Maryam Babangida, a 1989 aka buɗe Bankin Jama'a mai ba talaka ƙaramin rance ba jingina. A 2000 aka haɗe shi da Bankin Noma, wanda ya sami sunansa na yanzu a 2010. A watan Disamba na 2005 kuma aka fito da tsarin ƙananan bankuna.

A 2013 Babban Banki ya ware Naira biliyan 220 don ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100, watau biliyan 132, na mata ne. Sai dai ware kuɗi daban, isarsu hannu daban, domin ta bankuna ake bi da su, bankunan kuwa sharuɗɗansu na jingina suna nan. A watan Disamba na 2023 Babban Banki ya dakatar da karɓar sababbin takardun neman rance a irin waɗannan shirye-shirye nasa. Saboda haka duk wanda ya zo yana karɓar kuɗi wai zai cike wa mata fom na tallafin Babban Banki, a yi hattara da shi.

Gyaran da ya fi taɓa tushen matsalar shi ne na jingina. A 2016 aka buɗe Rajistar Jingina ta Ƙasa, a watan Mayu na 2017 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta ba da ikon jinginar da dukiyar da ake iya ɗauka. A ƙarƙashinta, dabbobi da keji da injin niƙa da janareta da babur, har da bashin da ake bin 'yan kasuwa, duk ana iya rubuta su a rajista su zama jingina. Wannan doka kamar don mata aka yi ta, domin dukiyarsu irin wannan ce. A 2019 aka gyara dokar Asusun Lamuni, jarinsa ya koma Naira biliyan 50, rancen da ba jingina ya tashi zuwa Naira 100,000, mai jingina kuwa har miliyan 50. A gaskiya Naira 100,000 ba ta sayi buhu goma na abincin kaji a farashin 2024 ba, amma wadda ta karɓa ta biya a kan lokaci ta kafa suna. A shekarar 2019 ɗin aka ƙaddamar da manufar daidaita maza da mata a harkar noma, a 2020 Babban Banki ya fito da tsarin shigar da mata harkokin kuɗi, a 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya.

ABIN DA YA KAMATA MACE TA YI

Da fari ta nemi lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN, ta buɗe asusu da sunanta, ba da sunan miji ko ɗa ba. Kuɗin ƙwai su riƙa bi ta cikinsa ko da za ta cire su washegari, domin wata shida na irin wannan shaida ce da banki yake karantawa. Wadda take tsoron banki ya rushe da kuɗinta ta sani Hukumar Inshorar Ajiya ta Ƙasa tana tsaya wa masu ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga lamuninta zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙanana masu lasisi.

Na biyu ta sayi littafi. Kullum ta rubuta abincin da aka ci, ƙwan da aka tsinta, kazar da ta mutu, allurar da aka yi da ranarta. In ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko ta sa ɗiyarta 'yar makaranta ta rubuta mata. Rasit ɗin keji ko na inji ta adana shi da sunanta, domin shi ne zai zama jingina.

Na uku ta shiga ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da suke adashi tare sun riga sun san amanar juna, abin da ya rage shi ne su yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin da yake kula da wannan a jiharsu. Ƙungiya tana tsaya wa 'ya'yanta a madadin fili, tana sayen abinci da sari, tana kiran likitan dabbobi sau ɗaya ya duba kajin kowa. A kan irin wannan tsari Muhammad Yunus ya kafa Bankin Grameen a Bangladesh a 1983, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu rance mata ne, ya kuma nuna wa duniya cewa matalauciya tana biyan bashi. Reshen Filato na Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Nijeriya ma a buɗe yake ga mata.

Na huɗu, kafin ta sa hannu, ta tambayi jimlar abin da za ta biya da ranar da biya zai fara. Rancen da ake biya mako-mako tun daga makon farko ya dace da mai sayar da ƙosai, bai dace da mai kajin ƙwai ba. Ta nemi a ɗaga mata ƙafa na wata biyar ko shida. Ta kuma tambayi inshorar Hukumar NAIC, wadda take aiki tun 1987 kuma take karɓar kaji. Mai gudun kuɗin ruwa ta nufi bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012 da TAJ wanda ya fara a 2019, inda banki yake iya sayen kaya ya sayar mata da ribar da aka yi yarjejeniya, ta biya sannu a hankali. Kuɗin rance kuwa, ko anini kada ya shiga biki ko suna.

KIRA GA MAZA DA BANKUNA

Ana roƙon magidanta su gane cewa kajin matansu rufin asirin gida ne. Mijin da ya raka matarsa banki, ko ya rubuta mata takardar izinin amfani da filin da akurkinta yake kai, ya rage wa kansa nauyin cefane da kuɗin makaranta. Amma wanda ya karɓe rancen da ta ciwo ya kashe a sha'aninsa ya zalunce ta, ya kuma ɓata sunan sauran mata a wurin banki. 'Yan'uwa maza su raba gado su ba kowace rabonta a rubuce. Limamai da fastoci da masu unguwanni su tunatar da jama'a. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Ukeje ta 2014, ta soke wata al'ada da take hana ɗiya mace gadon mahaifinta, ta ce ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa.

Ana kuma kira ga bankuna su yi aiki da Rajistar Jingina, su tsara biya daidai da rayuwar kaza, su ɗauki ma'aikata mata masu shiga gidaje, su yi bayani da Hausa da sauran harsunan jama'a. Malaman gona da na dabbobi su sa matan bayan gida a cikin jerin waɗanda suke ziyarta, domin takardar shaidarsu tana da nauyi a wurin manajan banki.

Ƙwai shi ne abincin gina jiki mafi sauƙin samu ga yaron talaka. Duk macen da ta tashi daga kaji 150 zuwa 500 ta ƙara wa kasuwa wajen kiret tara a kowace rana, ta ba wani matashi aiki, ta ba manomin masara da na waken soya ciniki. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko reshen Bankin Noma mafi kusa, ko ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiharsa. Allah ya sa albarka a kiwo, ya kiyaye annoba, ya ba ƙasa zaman lafiya. Amin.